Zariya ko Danfodiyo: ƙanena na da baki, ina jin tsoron siyasar jami'a

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 33, ina sayar da yadi a sabuwar kasuwa nan Sakkwato, gidanmu yana Mabera. Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifinmu, tun daga ranar ɗawainiyar ƙannena huɗu ta dawo wuyana. Ni ban wuce sakandare ba. Autanmu a maza Allah ya ba shi kai, ya ci JAMB da maki mai kyau, karatun lauya yake so, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya cika a fom. Ya ce takardar Zariya ko'ina aka kai ta ana girmama ta. Matsalar ita ce yaron na da baki. Ba ya ganin abu ya ƙyale. Kullum yana Facebook yana gardamar siyasa, har na taɓa zuwa gidan wani babban mutum ba da haƙuri a kansa. Na ji ana cewa Zariya gidan siyasar ɗalibai ce, Jami'ar Danfodiyo ta nan Sakkwato kuwa lafiya lau. Inna ta ce ita sam ba ta yarda ba, "mi za ya kai shi nesa, ga karatu ƙofar gida?" Ina so in sa shi ya canza zuwa Danfodiyo, amma ina tsoron in tauye shi ya riƙe ni a zuci. Yau kwana biyar ba ya cin abinci tare da ni. Mene ne shawara?

Yaya mai damuwa, Mabera

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, kai kuma ya saka maka da mafificin alheri a kan riƙon marayu. Zan kira ka ɗana, don a haife na haife ka.

Kada ka ja shi zuwa ofishin JAMB a wannan makon. Canjin makaranta aikin minti kaɗan ne a gaban kwamfuta, amma in aka yi shi yaro na kumbure, ɗacinsa kan kai shekara ashirin bai bar maƙogwaro ba. Ka tambayi ranar da jami'o'in biyu za su rufe rajistar tantance sababbin ɗalibai don kada lokaci ya ƙwace muku, sannan ka ba kanka 'yan kwanaki ka yi bincike.

Labarin da ka ji game da Zariya yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. A watan Afrilu na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini. Ɗalibai suka tashi a faɗin ƙasar nan suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Aka kashe ɗalibi a Legas, a Zariya ma aka harbe ɗalibai, gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Bayan shekara takwas, ɗaliban Samaru, babbar harabar jami'ar Zariya, suka yi jerin gwano don tunawa da waɗancan mamata, hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, abu ya ƙazance, ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga makaranta suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Duk matar da ta ji wannan labari a rediyo, ko ba ta riƙe shekarar ba ta riƙe tsoron. Don haka kada ƙanenka ya ɗauki maganar Inna maganar wadda ba ta san duniya ba.

Sai dai sunan da yaron yake so da hayaniyar da kake gudu, saiwarsu ɗaya. Jami'ar da aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna ta tara malamai daga sassan duniya, kuma cikinsu akwai waɗanda ba sa tauna magana. Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi ya yi shekaru yana ja da masu mulki da alƙalami da baki. Patrick Wilmot, mutumin Jamaika da ke koyar da ilimin zamantakewa, gwamnatin Babangida ta kore shi daga ƙasar a 1988. A cikin wannan iska ce irin su marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa suka yi karatu. Yaron da aka koya wa tambayar malaminsa "mene ne hujjarka" a ɗakin lacca, wata rana zai tambayi gwamna haka. Mai son zuma ba ya cewa a raba ta da ƙuda.

Amma kusan shekara 40 ke nan da 1986. Ɗalibin yau, a Samaru ne ko a Dundaye inda harabar Danfodiyo take, abin da ke hana shi barci shi ne kuɗin rajista, da kuɗin ɗaki, da yadda garin kwaki zai kai shi ƙarshen wata. Siyasar aƙida irin ta wancan zamani ta ja da baya a jami'o'inmu gaba ɗaya, ni har kewar wani ɓangare nata nake yi. Ka kuma sani cewa masu karatun lauya a Zariya ba a Samaru suke ba, suna harabar Kongo ne a cikin gari, tare da masu karatun sha'anin mulki, tazara ce mai ɗan dama tsakaninsu.

Ita kuwa Danfodiyo, in ƙanenka na yi mata kallon makarantar waɗanda suka rasa wani wuri, ya yi kuskure babba, kuma ka gaya masa ni na faɗa. An kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, ta fara karatu a 1977 da ɗaliban da ba su cika 100 ba, a 1988 aka sa mata sunan Mujaddadi. Ɗalibanta na yi mata kirari da jami'ar da ta fi kowace zaman lafiya a Najeriya, kuma ta ci kirarin. Tsangayar shari'arta ta fitar da alƙalai da lauyoyin da ke cike da kotunan Sakkwato da Kabi da Zamfara. Aminu Waziri Tambuwal a nan ya gama digirin lauya a 1991, ya je ya zama kakakin majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya dawo ya yi gwamna shekara takwas. Ka ga makarantar da ake yabo da shiru ita ta fitar da ɗaya daga cikin manyan 'yan siyasar jihar nan. Shirun harabar makaranta ba ya cire wa mutum abin da ke cikin jininsa.

To me suna ke saya wa ɗalibi? Yana saya masa mutane. Wanda ya yi Zariya, duk ma'aikatar da ya shiga a Abuja ko Kaduna zai iske wanda zai ce masa "a wace shekara ka fita?" Kuma yaron Mabera da zai kwana ɗaki ɗaya da Tibi da Igala da Bayarabe da Babarbare, ya ci abincinsu, ya ji yadda suke kallon ƙasar nan, ya samu wani karatu da lauya ke buƙata ƙwarai. A Danfodiyo ma akwai baƙi da yawa, musamman 'yan Kwara da Kogi da ƙasar Yarabawa, sai dai ɗan gari da ke kwana gida yakan gama shekara biyar abokansa ba su wuce waɗanda suka yi firamare tare ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ƙanenka ke da ita, ko da bai iya tsara ta haka ba.

Abin da suna ba ya saya kuwa shi ne sakamako. Duk wanda ya gama digirin lauya na shekara biyar, daga kowace jami'a, sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi ta ƙasa, ko a Bwari, ko Bagauda ta Kano, ko Yola, ko Legas, ko wani reshe, ya zauna jarrabawa iri ɗaya da kowa kafin a rantsar da shi. A wannan zauren ba a tambayar sunan makarantar da ka fito. Yaron da ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya daga Danfodiyo ya fi wanda ya lallaɓo da ƙyar daga Zariya a idon duk wani babban lauya mai neman yaran aiki.

Saboda haka tambayoyin da za ka yi a kan tsangayar ne, ba a kan allon ƙofar makaranta ba. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana bin kowane fanni ɗaya bayan ɗaya ta tantance shi: wani ta ba shi cikakkiyar amincewa, wani ta wucin gadi, wani ta hana. Jami'a na iya zama giwa amma wani sashenta na ɗingishi. A karatun lauya akwai kuma majalisar kula da ilimin lauyoyi, wadda ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta ɗebi fiye da ƙa'ida, ɗalibanta kan gama su zauna gida suna jiran layi kafin a tura su makarantar horaswa. A farkon 2025 JAMB ta sanar cewa ba za ta ba da gurbin karatun lauya a wasu jami'o'i takwas ba saboda majalisar ta dakatar da su, ka ga ba maganar wasa ba ce. Ka nemi ɗan aji biyar guda a Kongo, da guda a nan, da wani wanda ya gama bara a kowanne. Cikin masu sayen yadinka ba za ka rasa wanda zai haɗa ka da su ba. Ka tambaye su: 'yan ajinku duka sun wuce makarantar horaswa kai tsaye, ko an bar wasu? Malamai na shiga aji? Sakamako na fitowa kan lokaci? Mutum nawa ne a ɗakin kwana? Da maki nawa aka ɗauki 'yan lauya bara? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, don masu neman lauya sun ninka guraben da ke akwai. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ɗan Sakkwato a Danfodiyo yana cikin gidansa. In makinsa na kan gaɓa a Zariya, ana iya ba shi wani fanni da bai nema ba, sai ya zaɓa tsakanin sunan makaranta da burinsa na lauya. Gara ya san haka tun yanzu.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa ka rubuto.

Lokacin da nake jami'a, wadda ba zan kama sunanta ba, ina da abokin ɗaki, ɗan wani ƙauye ne, mutum mai sanyi, ba ya cikin masu hawa tebur su yi jawabi. Abin da Allah ya ba shi shi ne rubutun hannu mai kyau. Da aka shirya zanga-zanga kan rashin ruwa, shugabannin ɗalibai suka roƙe shi ya rubuta musu sanarwa a manyan takardu, ya rubuta cikin dare a kan katifarsa, ina riƙe masa fitila. Washegari abu ya fi ƙarfin masu shirya shi, aka farfasa gilasai, aka rufe makaranta. Da aka dawo kwamiti ya zauna. Waɗanda suka yi jawabi, kowanne akwai wanda ya ɗaga waya ko ya tako ƙafa a kansa, wani kawunsa babban sakatare, wani babansa mai sarauta. Abokina aka ajiye masa takardun nan a gabansa aka ce rubutun wane ne wannan. Bai iya ƙarya ba. Aka kore shi yana ajin ƙarshe. Ni na raka shi tasha, na ɗaukar masa risho da bokiti, shi yana ɗauke da akwatin ƙarfe. Har motar ta cika bai ce komai ba, sai da kwandasta ya rufe ƙofa ya leƙo ta taga ya ce da ni, "Me zan gaya wa Baba? Shanun huɗarsa ya sayar." Yau fiye da shekara 30, ban daina jin wannan tambayar ba.

Na ba ka labarin nan ne don ƙanenka maraya ne. In ruwa ya ɓaci, ba shi da wanda zai ɗaga waya a kansa sai kai, kai kuwa ba za ka wuce maigadin ƙofar ofishin ba. Wannan ya kamata ya shiga kunnensa sosai, ko wace makaranta ya tafi.

Abin da ake kira siyasar jami'a ba abu ɗaya ba ne. Akwai gardamar ilimi, a aji, a masallaci, a teburin mai shayi bayan isha'i, kan tsarin mulki, kan haraji, kan dalilin da ya sa ƙauyukanmu ba sa kwana da ido biyu rufe. Wannan ita ce abincin ɗalibin lauya, yaron da aka hana shi ita an aika shi gona ba fartanya. Akwai kuma takarar ƙungiyar ɗalibai, wadda a yau kuɗin 'yan siyasar waje ya shige ta: a buga wa yaro fasta, a ba shi kuɗin mota ya kwashi 'yan uwansa zuwa taron jam'iyya, a sa masa data a waya ya zama sojan baka, yana zagin sa'an ubansa don a tura masa dubu biyar. Wannan ita ke cinye karatu, ita ke sa yaro ya wayi gari yana aji uku da tarin kwasa-kwasan da ya faɗi a bayansa. Ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye kuwa ba sai na tsaya a kansu ba, yaron da ya taso a hannun Inna ya san hukuncinsu.

Ka dubi ta biyun nan da kyau, ɗana. A ina 'yan siyasa suka fi saurin kai hannu ga ƙanenka? A Zariya baƙo ne, ba shi da mazaɓa, ba shi da akwati, ba wanda ya san gidansu. A Sakkwato kuwa kansila ya san shi, shugaban matasan jam'iyya na unguwa ya san shi, kowa ya san yaron na da kaifin harshe da mabiya a waya. Kuma haƙurin da ka je ka bayar a gidan babban mutum, a wace jami'a aka yi laifin? A ɗakinsa na Mabera ya kwanta ya rubuta, kana shago, Inna na tsakar gida. Filin zanga-zangar yaran yanzu yana cikin aljihunsu, suna shiga da shi har makewayi. Mutanen garin nan ba su manta da watan Mayu na 2022 ba, lokacin da magana ta taso a zauren WhatsApp na 'yan aji a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ta ƙare da kashe ɗaliba, aka rufe kwalejin, aka sa dokar hana fita a birnin Sakkwato. Ba a Zariya aka yi ba, a ƙofar gida aka yi. In ka tsare shi a Danfodiyo ba ka taɓa maganar bakinsa ba, ka canza wa matsalar adireshi ne kawai.

Akwai wata siyasar da ta fi duk waɗannan cin shekarun ɗalibi, kuma ba ruwanta da halin yaro: rigimar ƙungiyar malamai ta ASUU da gwamnatin tarayya. A 2020 an yi wata tara ana yajin aiki, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 an yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Zariya da Danfodiyo duka na tarayya ne, ƙofa ɗaya ke rufe su. Bambancin kawai, ɗalibin da ke gida in an tafi yajin aiki sai ya zo shago ya kama maka awon yadi, wanda ke Zariya kuwa in haya ya kama a waje, kuɗin ɗakinsa na ƙonewa yana zaune a Sakkwato.

Nan muka iso ga abubuwa biyu da ni a ganina suka fi siyasa nauyi a kan sikelinka, ba ka kuma ambace su ba: hanya da aljihu. Daga nan zuwa Zariya wajen kilomita 400 ne, ta Tureta, Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da ake nufi in an ce mota ta wuce Tsafe lafiya, da yadda ake ajiyar zuciya. Yaro zai bi hanyar nan sau da yawa a shekara, har shekara biyar. Dubban ɗalibai na bin ta, Allah na tsarewa, amma dole a sa ta a lissafi: tafiyar safe kawai, motar tasha kawai, ba dawowa gida don kowane biki ko suna. Sai kuɗi. Ka ɗauki takarda ka rubuta rajista, ɗaki, abinci, littattafai, kuɗin mota, baƙin wando da farar riga na 'yan lauya, ka ninka sau biyar, ka ɗora kuɗin makarantar horaswa wanda shi kaɗai kaya ne, sannan ka tuna akwai ƙanne uku da Inna da iyalinka. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biya wa ɗalibin makarantar gwamnati kuɗin rajista kai tsaye, yana kuma ba shi naira 20,000 a wata in ya nema, ba ruwa a kai, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Yana rage nauyi, amma ba ya ciyar da yaro wata guda a garin da ba shi da kowa.

Ga hukuncina. In lissafin nan ya nuna za ka iya ba tare da ka taɓa jarin shago ba, kuma amsoshin da ka samo daga Kongo masu daɗi ne, makinsa kuma ya kai, ka bar shi ya tafi. Kada tsoron siyasa ya zama dalilin hana shi, don dalili ne da ba zai tsaya ba in ya yi maka tambaya biyu, kuma yaro mai kai ba ya manta ranar da aka rufe masa baki da hujja maras ƙarfi. In kuwa lissafi bai fita ba, ka buɗe masa littafin shago ya gani da idonsa, bashin da kake bi da wanda ake bin ka. Ka ce masa, "Ga abin da nake da shi, ga inda ƙarfina ya tsaya." Ɗacin gaskiyar aljihu yana wucewa. Ya yi digirin farko a nan, ya ƙoƙarta ya fita da sakamakon da zai buɗe masa ƙofa, digiri na biyu Zariya na nan ba ta tashi ba. In ma a nan ɗin ne, ka yi ƙoƙari ya samu ɗaki a cikin makaranta maimakon ya riƙa tsallaka gadar Kwalkwalawa safe da yamma yana dawowa majalisar unguwa.

Ko ina ya tafi, ku yi alkawari a gaban Inna da wani kawunku da yake jin nauyinsa. Ba zai tsaya takarar kowane muƙami ba sai ya gama aji biyu, kuma sai sakamakonsa ya nuna yana da rarar da zai kashe a kan haka. Kowane zango ya turo maka sakamako, ka kai wa wanda ya iya karantawa ya fassara maka, ba kunya a ciki. Ba zai karɓi ko kwabo daga hannun ɗan siyasa ba. Ba zai sa hannu ko sunansa a takardar da bai karanta ba, kuma littafin dokokin ɗalibai da za a ba shi a makon farko ya karance shi kamar zai yi jarrabawa a kai, ya san abin da ke jawo dakatarwa da abin da ke jawo kora. A zauren WhatsApp na aji, in magana ta juya ta koma addini ko ƙabila, ya ajiye wayar. Duk abin da ya rubuta, wani na iya ɗaukar hotonsa ya ajiye, ya fito da shi ranar da ake tantance shi don rantsarwa ko ɗaukar aiki.

Amma kada ka tsaya kan hani kaɗai, don bakin nan nasa shi ne jarinsa, da shi zai ci abinci. Tsangayoyin shari'a na da kotun gwaji inda ɗalibai ke tsayawa su kare ƙara a gaban alƙali, akwai gasar muhawara, akwai ofisoshin taimakon shari'a na ɗalibai da ke bin kadin talakawan da suka daɗe a gidan yari ba a yanke musu hukunci ba. Ɗaliban Danfodiyo ma sun yi suna a aikin jarida na cikin makaranta. Yaron da ba ya ganin zalunci ya ƙyale, a irin waɗannan wurare zafinsa zai fitar da wani bawan Allah daga kurkuku. Ka tuna masa da wanda aka sa wa jami'ar garin nan sunansa. Da Shehu ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami ranar idi, ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji, ya riga ya share shekaru yana durƙuso gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sarki ya saurare shi ne don ya san nauyin abin da ke kansa, kuma ya ga hannunsa bai miƙu ga dukiya ba.

Maganar Inna kuwa, kada ku yi mata taron dangi kai da shi, kuma kada ka je mata da hukunci a hannu. Shi zai je, ya durƙusa, ya gaya mata abin da yake so da alkawarin da ya ɗauka. In akwai wani ɗan uwa ko aminin mahaifinku a Zariya, ko a Tudun Wada ko a Sabon Gari, wanda yaron zai riƙa kai wa gaisuwa ranar Juma'a, a kira shi a waya Inna ta ji muryarsa. Sau da yawa abin da uwa ke nema ke nan, ta san akwai babba da zai gan shi da ido. In bayan duk wannan ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, to ni ba zan ba da shawarar yaro ya hau hanyar Gusau uwarsa na hawaye ba. A ƙara mata lokaci, a sa waɗanda take jin maganarsu su yi mata bayani, in ta tsaya kan bakanta a bi nata.

Yau da dare ka sa a zuba muku tuwo a kwano ɗaya, ka aika ƙaramin cikin yaran ya kira shi. In ya zo ya zauna yana sunkuyar da kai, ka tura masa naman gabansa kamar yadda mahaifinku zai yi, kada ka ta da zancen makaranta. In kun wanke hannu ka ce masa gobe ya same ka shago bayan la'asar, ya taho da takardar sakamakonsa da biro, akwai lissafin da za ku yi tare.